Takalmin Maza Mai Tudu a Kano: Na Ɗinki, Na Kanti Ko Na Gwanjo?

Masu ɗinkin takalma a Ƙofar Wambai sun san irin wannan mai sayen tun daga nesa. Zai ɗauki sau-ciki ya jujjuya, ya tambayi kuɗi, ya ajiye, sai mutane sun ragu a rumfar sannan ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, ana iya ƙara masa ɗan tudu?" Mai ɗinki ko kai ba ya ɗagawa daga aikinsa, sai dai ya ce, "Inci nawa, Alhaji?" Shi a wurinsa ba sabon abu ba ne. Angwaye na zuwa saboda hoton biki, don amarya za ta hau nata mai tsini ta kuma kafa ɗauri a ka. Ma'aikatan ofis na zuwa, masu tsayawa gaban jama'a su yi magana na zuwa, akwai kuma waɗanda ba tsawo suke nema ba, yanayin tsayuwar da takalmin ke bayarwa kawai ke burge su.

Hanya huɗu namiji ke samun irin wannan takalmi a Kano: ya ba da ɗinki, ya saya a kanti, ya tona a gwanjo, ko ya yi oda ta waya a kawo masa mai ɓoyayyen tudu. Ba ɗaya suke ba ko kusa, kuma wanda aka fi tallatawa shi ne ya fi rashin dacewa da garin nan.

A fara da awo, don nan ake yawan ruɗa mutane. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Takalmin ofis na maza da kowa ke sakawa yana da dunduniya ta santimita 2 zuwa 2.5, wato kusan inci guda, kuma ba mai kiransa mai tudu. Daga santimita 3.5 zuwa 5 shi ne ainihin abin da muke magana a kai, irin dunduniyar da ake kira ta Kuba, mai faɗi, wadda bayanta ya ɗan shige ciki. Abin da ya haura santimita 6 ya zama wani aiki daban, tafiyar mutum ma sai ta canza. Sannan tsawon dunduniya ba shi ne tsawon da mutum zai ƙaru da shi ba. A can ƙarshen baya ake aunawa, wurin da ya fi ko'ina tudu, alhali nauyin jiki a kan idon sawu yake, gaba kaɗan, inda gangara ta riga ta fara. Wanda ya sayi mai santimita 5 yana barin tsohon takalminsa mai 2.5, abin da zai ƙaru da shi a idon mutane bai fi santimita 2 ba. Gara mutum ya san wannan kafin ya ba da kuɗinsa.

Lissafi na biyu shi ne gangara. Abin da ƙafa ke ji shi ne bambancin da ke tsakanin baya da gaba. Dunduniya mai santimita 5 a kan sol mai kaurin santimita 1.5 gangararta 3.5 ce, ƙafa za ta ɗauka ba wahala. Wannan dunduniyar dai a kan sol ɗin da bai kai rabin santimita ba, kafin la'asar gindin yatsu zai fara zafi. Saboda haka mai son tsawo ba tare da azaba ba, sai ya raba ƙarin gida biyu, kaɗan a gaba, sauran a baya.

Yanzu ga abin da ya bambanta Kano da garuruwan da ake ƙera yawancin waɗannan takalma. Bature na ɗaura takalmi da safe, ba zai kwance ba sai dare. Bakano kuwa sau nawa yake cirewa a yini? Salloli biyar, alwala, shiga zauren wani babba, gaisuwar mutuwa, zaman tabarma a majalisa, shiga ɗakin surukai. Duk takalmin da ba a iya cirewa a tsaye cikin daƙiƙa biyar, a kuma mayar da shi a ƙofar masallaci mutane na turo ka ta baya, ba na garin nan ba ne, komai kyansa. Kuma duk tudun da aka ɓoye, kafin azahar ta wuce asirinsa ya tonu, domin a sahu kowa da ƙafar da Allah ya ba shi yake tsayawa. Mutumin da abokan aikinsa suka gani da safe kafaɗa da kafaɗa da su, suka kuma ga ya sauko da santimita 7 a bakin masallaci, ya fi jawo ido a kan wanda dunduniyarsa ke fili tun farko. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu fifita tudun bayyane matsakaici a kan ɓoyayye mai yawa.

Masu cewa dunduniya kayan mata ce tun asali ba su bi tarihin ba. Mahayan dawakin Farisa ne suka shahara da ita, don ta maƙale a likkafa idan mutum ya miƙe zai harba kibiya. Bayan jakadun da Sarkin Farisa Shah Abbas ya tura Turai a 1599, manyan mazan can suka ɗauke ta a matsayin ado, har Sarkin Faransa Luwi na 14 ya yi suna da jar dunduniya. Mu a nan ba mu gaje ta daga hawa ba saboda dalili mai sauƙi: likkafarmu ta gargajiya faffaɗa ce, tafin ƙafa kusan gaba ɗaya ke zama a kanta, babu buƙatar abin maƙalewa. Shi ya sa takalmin hawa na Daushe da Nasarawa shimfiɗaɗɗe ne, haka ma takalmin gashin jimina na Sarki. Amma dattawan da suka yi samartaka a zamanin ƙarin albashin Udoji, tsakiyar shekarun 1970, idan za su faɗi gaskiya, sun taka tudun da samarin yau ba za su iya ba, da wando mai faɗin ƙafa yana share ƙasa.

Ɗinki shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, don nan ne ake samun mafi kyau, nan ne kuma ake samun mafi muni, wani lokaci a layi ɗaya. Kano ba ta rasa fata ba, ga majema a cikin gari, ga masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa, ga dukawa da suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Matsalar ita ce yawancin masu ɗinkinmu hannunsu ya faɗa ne a kan takalmi shimfiɗaɗɗe: silifas na fata, mai maɗauri, haf-koba. A nan ba a kama ƙafarsu. Tudu kuwa wani ilmi ne, kuma ba kowane mai cewa "an gama, Alhaji" ne ya san shi ba.

Tambaya ta farko da za a yi wa mai ɗinki ita ce ta las, wato gunkin ƙafar nan na katako ko roba da ake ja fata a kansa. Kowane las an sassaƙa shi ne don wani tsawon dunduniya ƙayyadadde. Wanda aka yi don inci guda, idan aka liƙa masa inci biyu, takalmin zai tuntsura gaba: bakin dunduniya na gaba zai taɓa ƙasa, na baya ya rataye, hancin takalmin ya dungure, ƙafa ta riƙa zamewa tana cusa yatsu a lungu. Abin da las ke iya haƙura da shi bai wuce ƙarin rabin santimita ba. Ka ce ya ɗauko las ɗin, ya ɗora a kan teburi, ya sa wani abu mai kaurin tudun da kake so a ƙarƙashin bayansa. Idan gindin yatsu ya zauna daram, hancin kuma ya ɗaga sama kamar kaurin fensir, las ɗin ya dace. Idan hancin ya manne da teburi, ka yi masa godiya ka ƙara gaba. Mai ɗinkin da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan gwaji, sau da yawa ma shi zai fara nuna maka.

Tambaya ta biyu ta ƙarfen ciki ce. Tsakanin dunduniya da gindin yatsu akwai wurin da sol ba ya taɓa ƙasa, kamar gada. Ana binne wani siririn ƙarfe mai tsawon kusan santimita 10 zuwa 12 a wurin, tsakanin faiba, wato kwalin da ke ƙarƙashin shimfiɗar ciki, da sol, don ya ɗauki nauyi. A takalmi shimfiɗaɗɗe ana iya tsallake shi ba a gane ba, shi ya sa wasu ba sa ma ajiye shi a rumfa. A mai santimita 4 kuwa, rashinsa na nufin cikin 'yan makonni tsakiyar za ta lotsa, dunduniya ta fara kwantawa baya, mai takalmin ya riƙa jin ciwo a kwarin tafin ƙafa bai san dalili ba. Gwajinsa ba wuya: kama hanci da hannu ɗaya, dunduniya da ɗaya, ka lanƙwasa. Takalmin kirki a gindin yatsu kawai yake lanƙwasuwa. Idan ya naɗe a tsakiya, babu ƙarfe. Wasu na sa guntun katako ko faiba ninki biyu su ce ai ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Ita kanta dunduniyar, iri huɗu ake yi, kuma daga waje duk kama suke da juna idan an shafa musu baƙi. Mafi inganci ita ce ta fata hawa-hawa. Mai ɗinki zai yanka ƙirgi mai kauri, kowane yanki kusan milimita 4 zuwa 5, ya kankare fuskokinsa, ya shafa gam, ya ɗora ɗaya bisa ɗaya yana bugawa da guduma, har hawa bakwai ko takwas kafin a kai santimita 3.5. Sai ya kafe su da ƙusa, ya kai wa injin gurza ya daidaita gefe har layukan su fito sumul, sannan ya rufe ƙasa da roba mai tauri ta kusan milimita 6. Tana da nauyi kaɗan, tana cin lokaci, kuɗinta ya fi, amma ita ce ake iya gyarawa shekara da shekaru. Ta biyu ita ce ta nora, wato robar da ake yankawa a yi sol, ita ma hawa-hawa, ba ta kai ta fata kyan gani ba amma ba ta tsoron ruwa, kuma ga mai yawo a ƙasa lokacin damina ba laifi. Ta uku katako ne da aka naɗe da siririyar fata. Yana da sauƙin nauyi, sai dai idan icen bai bushe sosai ba, hunturu na zuwa zai tsage daga inda ƙusa ta shiga. Ta huɗu, wadda ya kamata a guje wa, ita ce ta mako. Mako soso ne, an yi shi don laushi, ba don ɗaukar nauyin ƙato a kan ɗan ƙaramin fili ba. Zai lotse ta gefen da mutum ya fi takawa, yawanci gefen waje, takalmin ya karkace, daga nan sai targaɗe. Danna gefen dunduniyar da farcen babban yatsa. Idan ya shiga, mako ne.

Faɗin ƙasan dunduniya kada ya gaza santimita 5 ta kowane ɓangare ga mai saka lamba 42 ko 43. Titunanmu ba su da tabbas: ga ramukan intalok da suka zauna, ga murfin kwata mai tazara, ga yashi a lunguna. Duk abin da ya fi haka siranta zai riƙa nutsewa ko maƙalewa.

Sai maganar gam, wadda ita ce ke kashe yawancin takalman Kano. Gam irin su Evo-Stik yana da ƙa'ida: a kankare fuska biyu, a share ƙura, a shafa wa kowacce, a bari ya sha iska minti 10 zuwa 15 har ya daina kama yatsa, a ɗan gasa, a haɗa, a buga, sannan a bar takalmin ya kwana kafin a taka. Ranar jajibirin Salla ba mai wannan haƙurin. Ana shafawa ana mannawa ana miƙa wa mai shi a leda. Ga kuma zafin Afrilu da ke haura digiri 40, kwalta na tururi, takalmi na zaune a rana a ƙofar masallacin Juma'a fiye da awa guda. Gam kaɗai ba ya riƙe dunduniya mai tudu a wannan yanayi. Dole a kafe ta daga ciki da ƙusoshi biyar zuwa bakwai, ko sukurori biyu da ƙusoshi, a rufe kawunansu da ɗan matashi na fata. Sol ɗin gaba kuma a bi shi da ɗinki. Ka ɗaga shimfiɗar ciki ka gani da idonka kafin ka cika kuɗi, ka kuma shafa da yatsa ko akwai kan ƙusar da ya ɗago. Mai son na Salla ya ba da aikinsa tun kafin azumi ya raba, ba a goman ƙarshe ba.

Wurin awo, a je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini. A tsaya a kan takarda, ba a zaune ba, a zana ƙafa biyun duka don da wuya su zo daidai, a auna kewayen gindin yatsu da na doron ƙafa da tef. Mai ɗinkin da ya tambayi lamba kawai ya ce ka tafi, takalmin kasuwa zai yi maka da sunan ɗinki. A mai tudu, doron ƙafa ne ke riƙe mutum kada ya zame gaba, don haka nan ya kamata ya kama sosai, yatsu kuma a bar musu sarari kamar santimita ɗaya. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi, kuma a yi sharaɗi tun farko cewa za a gwada kafin a kafe dunduniya.

Wane fasali? A nan ra'ayinmu ba zai yi wa wasu daɗi ba. Haf-koba shi ne abin ƙaunar Kanawa, don da kaftani yake tafiya kuma ana zura shi ba sunkuyo. Amma ba shi da bangon baya, babu abin da ke riƙe dunduniyar ƙafa a kan dunduniyar takalmi. Har santimita 3 ana iya lallaɓawa. Sama da haka, ranar da aka taka gefen dutse ƙafa za ta sauka gefe, takalmi ya tsaya inda yake. Mafi dacewa shi ne sau-ciki cikakke mai ɗan roba a gefen harshe, ko gajeren but mai roba a gefe biyu da ɗan madauki a baya na ja. But ɗin ya fi riƙe idon sawu, ya fi kuma ɗaukar santimita 4.5 zuwa 5 ba tare da ya zama abin kallo ba, illarsa zafi a bazara. Mai igiya ya fi kowanne riƙo, amma wanda zai kwance ya ɗaure sau goma a rana zai gaji ya fara take bayan, daga nan takalmin ya mutu.

Na kanti ba sai an daɗe a kansa ba. Abin da ke cike da rumfunan Sabon Gari da shagunan Zoo Road yawanci daga Aba ne ko Sin, kaɗan daga Turkiyya. Amfaninsu shi ne an ƙera su a kan las ɗin da ya dace, don haka zamansu daidai ne, kuma ka gwada nan take. Illarsu dunduniyar roba ce mai rami a ciki, an yi mata zanen layuka don ta yi kama da fata hawa-hawa. Ƙwanƙwasa ta da makulli, za ka ji ƙarar fanko. Idan robar ƙasa ta cinye har ramin ya buɗe, tsakuwa na shiga tana kaɗawa, gyaran kuma ba ya daɗewa. Saman ma sau da yawa ba fata ba ce. Leƙa bakin yanka ta ciki: fata ta gaske bayanta gashi-gashi ne, ta roba kuwa yadi ne aka manna, kuma hunturu biyu ya ishe ta ta fara ɓarewa. Na Aba akwai masu kyau ƙwarai, amma sai an zaɓa. Don biki ɗaya ko biyu sun wadatar. Don kullum, araha ba ta ado.

Gwanjo kuwa wurin sa'a ne. A cikin dilolin da ake kwancewa a Ƙofar Wambai akan ci karo da but na Italiya ko Sifen mai fata ta gaske, ƙarfen ciki da ɗinki na asali, a kuɗin da bai kai na sabon roba ba. Abu uku za a duba. Ɗora shi a ƙasa shimfiɗaɗɗiya ka kalle shi ta baya: idan ya karkata, ya riga ya ɗauki tafiyar mai shi na farko, ba zai miƙe ba. Matsa bangon baya, idan ya yi laushi ya karye. Sannan a guji sol mai kauri mara nauyi irin na soso, don idan ya daɗe a ajiye yakan ruɓe daga ciki, ya yi kyau a hannu, ya farfashe ranar farko a titi. A kuma lura, yawancin but masu tudu a gwanjo na mata ne, ƙirarsu siririya ce a gindin yatsu ko da lambar ta kai 42. Namiji zai iya zura ƙafa, amma ba zai yi awa biyu a ciki ba.

Mai ɓoyayyen tudu da ake tallatawa a Instagram da WhatsApp, ana cewa santimita 7 ko 8 ba wanda zai gane, mun riga mun faɗi babbar matsalarsa. Akwai wasu. Duk tudun a ciki yake, don haka ƙafa na zaune a can sama kusa da baki, bangon baya bai kai ya riƙe ta ba, tana fita tana komawa. Wanda aka ƙera da kyau bangonsa dogo ne, kuma wannan tsawon shi ke tona shi ga duk mai lura, musamman ga wanda wandonsa ke tsayawa a saman idon sawu, kamar yadda da yawa ke ɗinkawa a nan. Idan dole sai an saya, a nemi mai sayarwa ya auna tsawon shimfiɗar ciki da tef ya turo hoto, kada a dogara da lamba. Tsakanin lamba da lamba a awon Turai kashi biyu cikin uku na santimita ne kawai, kuma na Sin sukan zo a matse. Shi kuwa ɗan matashin da ake saya daban a cusa a takalmi, a sau-ciki kada ya wuce santimita 1, a but 2. Fiye da haka doron ƙafa zai matse, jini ya riƙa tsayawa.

Tafiya da shi sai an koya, ko da santimita 4 ne. Kwana uku na farko a saka a gida awa ɗaya ko biyu, da safa. A rage faɗin taku, a sauke dunduniya a hankali sannan yatsu, gwiwa ta miƙe, kada a riƙa kallon ƙasa. Wanda ke tafiya gwiwa a lanƙwashe, ƙirji gaba, shi ake ganewa daga nesa, ba don takalmin ba. A matakalar benayen Kantin Kwari, masu tsayi da ƙunci, a sa tafin ƙafa gaba ɗaya a kan kowace, wurin saukowa a ɗan karkata jiki. Tayil ɗin banki da na zauren biki, musamman inda aka zubar da lemo, shi ne babban abokin gaba: sabon sol a goga shi da samfefa ko a kan siminti kafin ranar. Kada a yarda shushaina ya buga wa dunduniya ƙarfe. Yana hana cinyewa, gaskiya ne, amma yana santsi, kuma ƙwas-ƙwas ɗin da zai riƙa yi a baranda shi ne ainihin abin da zai sa a juyo a dube ka. Mai tuƙa mota ya gwada burki a tsaye tukuna, don kusurwar ƙafa ta canza. Mai babur zai ga dunduniya na maƙalewa a matakin ƙafa, abin da ke da daɗi a tafiya amma yana jinkirta sauke ƙafa a cunkoso. Wurin sauka daga Adaidaita Sahu a duba inda za a taka kafin a sauke nauyi.

Tela ma yana da hannu a ciki. A je masa da takalmin a ƙafa ranar awon wando. Wandon da aka yanka don silifas zai rataye idan aka hau tudu, ya bar dunduniya tsirara gaba ɗaya. Babbar riga na rufe komai. Kuma wanda tsawo kawai yake nema, ya tuna hula mai tsayi da aka kafa da kyau na ba da santimita da yawa ba tare da ciwon ƙafa ba.

Game da idon mutane, iyakar a fili take a garin nan, kuma fasali ne ke shata ta fiye da tsawo. Dunduniya faffaɗa, baƙa ko ruwan ƙasa, a jikin takalmin da ƙirarsa ta maza ce, ba ta tayar da ƙura ko a zauren malamai. Siririya mai tsini kuwa, ko mai ƙyalƙyali, kowa na ɗaukarta kayan mata, kuma hadisin da ya hana maza kamanta kansu da mata sananne ne ga yaro da babba. Wanda ya fita da irinta a Kano ya san ba zancen ado za a yi da shi ba. A cikin iyakar kuwa, abin da zai biyo baya bai wuce tsokana ba. Abokai a majalisa za su ce, "Ango, yau an ƙaro hawa ɗaya ke nan?" Idan akwai Bazazzagi a wurin, ya samu abin yi na mako guda. Wanda ya ce, "Wallahi inci ɗaya da rabi ne, a Wambai aka yi min, in kai ka?" ya kashe maganar nan take. Wanda ya fara rantsuwa cewa haka takalmin ya zo, shi za a riƙa ja.

Akwai waɗanda bai kamata su hau ba sam. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa ba ya jin inda takalmi ke cinsa, kuma tudu na tura nauyi ne daidai gindin yatsu, inda gyambo ya fi fitowa. Mai ciwon gwiwa da wanda ya taɓa mummunan targaɗe su ma su haƙura. Mai lafiya da ke sakawa kullum, sharaɓa da agara za su fara ɗaurewa, ya ji suna ja idan ya taka ƙasa da asuba. Maganinsa a riƙa hutawa da shimfiɗaɗɗe kwana biyu ko uku a mako, a kuma dafa bango a miƙar da ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, daƙiƙa 30 kowace ƙafa. Wanda kuma ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ko ta shan inna ko ta karaya, kada ya bar mai ɗinki ya kintata da ido. Ya je Asibitin Ƙashi na Dala a auna bambancin, sannan ya kai wa mai ɗinki adadin a rubuce, a kuma ɗaga sol ɗin gaba ɗaya, ba baya kaɗai ba.

Robar ƙasan dunduniya ita ce ke cinyewa da wuri, ta kusurwar baya ta waje, kuma haka ya kamata. A canza ta tun saura milimita 2, ƙafa biyu tare, kafin cin ya kai ga hawan fata, don daga nan gyaran ya ninka kuɗi. Bayan alwala a tsane ƙafa kafin a zura, danshi ne ke ruɓar da faiba ya sa ƙusoshi tsatsa su saki. Takalmin da ruwan Agusta ya jiƙa a cusa masa takarda a bar shi a inuwa, ba a rana ba. Da hunturu kuwa a shafa masa mai sau biyu a mako, har da gefen dunduniyar, wurin da masu goge takalmi suka fi mantawa.